Yadda Ake Haɗa Na'urorin Bidiyo na Zamani da Tsohon Majigi Mai Kwalabe Uku

Majigin CRT, wato mai idanu uku ɗin nan, ja da kore da shuɗi, kowanne da kwalba irin ta tsohuwar talabijin a bayansa, an ƙera yawancinsa tun kafin HDMI, kafar dijital mai ɗaukar hoto da sauti, ta shigo kasuwa a 2003. Irin su Sony G70 da G90, Barco 808 da 1209, NEC XG, da Electrohome Marquee duk analog kaɗai suke ji. Akwatin kallon fim ta intanet, na'urar gem da na'urar Blu-ray na yau kuma dijital kaɗai suke fitarwa. Aikinka shi ne ka shiga tsakani.

Kafin ka sayi komai, riƙe abu ɗaya. Majigin zamani yana da adadin ɗigon hoto tsayayye, duk abin da aka ba shi sai ya murɗa shi ya dace da wannan adadi. Majigin CRT ba haka yake ba. Layi-layi yake zana hoto a fuskar kwalba, kuma saurin da sigina ta zo da shi, shi yake bi. In ta zo da saurin da ya fi ƙarfinsa, ba zai gyara maka ba, allo zai yi baƙi ne kawai. Don haka juya dijital zuwa analog rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne zaɓar siginar da ta dace da majiginka, kuma a nan mafi yawan masu fara aikin suke ɓata lokaci.

Kayan da za ka tanada

Littafin bayanin majigin, ko aƙalla shafin da ya nuna iyakar saurinsa. In ya ɓace, nemi cikakkiyar lambar samfurin a jikin farantin da ke bayan na'urar, ka nemo littafin a intanet.

Rimot ɗin majigin na asali. Yawancin saitin da za a yi ba ya yiwuwa sai da shi, ko da yake wasu samfuran suna da maɓallai ɓoye a ƙarƙashin murfi.

Akwatin da ke juya HDMI zuwa VGA (kafar analog ta tsohon allon kwamfuta) ko RGB (siginar ja, kore da shuɗi daban-daban), tare da cajarsa. Ko kuma katin HDMI da ake sakawa cikin majigin kai tsaye. Za mu dawo kan zaɓin a mataki na 3.

Wayar VGA mai reshe biyar, wadda kowane reshe ya ƙare da kan BNC. Ta kasance mai ohm 75, mai kauri, gajera.

Wayar HDMI mai tsawon da zai kai daga inda na'urorinka suke zuwa majigi.

Amfilifayar sauti mai kafofin HDMI, ko ƙaramin akwatin da ke cire sauti daga HDMI. Majigin ba ya magana.

Talabijin ta zamani ko allon kwamfuta mai HDMI, domin saita na'urori tukuna. In akwai tsohon allon kwamfuta mai kafar VGA, ajiye shi kusa, zai yi amfani wajen gano matsala.

Hotunan gwaji a faifai ko a kwamfuta: na layukan raga, da na matakan baƙi da fari.

Salatif na takarda da biro, don yi wa wayoyi alama.

Gargaɗi tun yanzu: a cikin majigin nan akwai wuta mai ƙarfin fiye da volt 30,000, kuma tana iya saura bayan an kashe shi. Haɗa waya a baya ba ya buƙatar ka taɓa ciki. Nauyinsa ma ba wasa ba ne, G90 ya kai kilo 110. In yana rataye a silin, bar shi a inda yake, ka hau tsani.

1. Duba abin da ke bayan majigin

Leƙa bayansa da tocila ka ƙirga kafofin BNC, wato zagayayyun kafofin ƙarfe da ake murɗa waya a kansu ta kulle. In biyar ne masu alamar R, G, B, H da V, ka yi sa'a. Ukun farko launuka ne. H da V jagorori ne: H tana gaya wa majigi lokacin fara sabon layi, V tana gaya masa lokacin komawa sama ya fara sabon shafi. Wannan tsari daidai yake da abin da VGA ke ɗauke da shi, bambancin kan waya ne kawai.

In huɗu ne, R, G, B da S, to majigin yana son a haɗe masa H da V a waya ɗaya. In uku ne kacal, jagorar tana bin wayar kore. Duka biyun suna buƙatar ƙarin akwati irin na Extron RGB, wanda ke da maɓallin zaɓar yadda jagora za ta fita. Akwai masu haɗe H da V da kan BNC mai siffar T. Wani lokaci hoton yakan fito, amma saman sa yakan karkace, kuma ba na ba kowa shawarar hakan.

Za ka ga kafar bidiyo guda mai launin rawaya da ta S-Video. Manta da su. Layi 480 ko 576 kawai suke ɗauka, kuma a kan allo mai faɗin mita biyu za ka riƙa ƙirga layukan da idonka. Ba a komawa gare su sai majigin irin tsoffin nan ne da saurin zana layinsu ba ya wuce kHz 15 da ɗoriya.

2. Zaɓi siginar da majiginka zai iya ɗauka

Nan ne ya kamata ka zauna da biro. A littafin za ka ga adadi biyu: saurin layi da kHz, wato dubban layuka a daƙiƙa, da saurin shafi da Hz, wato shafi nawa a daƙiƙa. Saurin layi shi ne babban shinge. Ga abin da kowace sigina take buƙata:

480p tana buƙatar kHz 31.5
1080i a Hz 60 tana buƙatar kHz 33.75
720p a Hz 50 tana buƙatar kHz 37.5
720p a Hz 60 tana buƙatar kHz 45
1080p a Hz 50 tana buƙatar kHz 56.25
1080p a Hz 60 tana buƙatar kHz 67.5

Lissafin ba wuya. Sigina ta 1080p tana da layi 1125 idan aka haɗa da waɗanda ba a gani, ka ninka sau 60 ka sami 67,500. Ta 720p tana da 750, sau 60 ya ba da 45,000. Ita kuwa 1080i rabin layukan take zanawa a kowane zagaye, shi ya sa ba ta da nauyi.

Yanzu kwatanta. Sony D50 yana tsayawa a kHz 64, saboda haka 1080p a Hz 60 ta fi ƙarfinsa da ɗan kaɗan, kuma ɗan kaɗan ɗin ya isa ya hana hoto fitowa. G70 yana kaiwa 110, G90 kuma 150. NEC sun sauƙaƙa wa mutane, adadin yana cikin sunan: XG75, XG110, XG135.

Amma iya ɗaukar sigina daban, iya nuna ta da kyau daban. Kowane layi da ake zanawa yana da kauri, fuskar kwalba kuma tana da iyaka. In layukan suka yi yawa sai su hau kan juna, hoto ya yi laushi, ƙananan rubutu su narke. Mai kwalba inci 7, mafi alheri a gare shi 720p ko 1080i. Mai inci 8 yana yin kyau ƙwarai a kan waɗannan biyun, kuma in kwalabensa na da lafiya an saita shi da kyau zai nuna 1080p, ko da yake da ɗan laushi. Mai inci 9 shi ne gidan 1080p. A ganina 720p mai kaifi ta fi 1080p mai hazo daɗin kallo, don haka kada babban adadi ya ruɗe ka. Jaki mai ɗaukar buhu biyu yana tafiya, in ka ɗora masa na uku zai tashi tsaye, amma tafiyar ta canja.

Akwai wata sigina da dole ka kauce mata: 1080p a Hz 24. Saurin layinta kHz 27 ne kawai, sai mutum ya zaci mai sauƙi ce. Matsalar tana wajen saurin shafi. Yawancin majigan nan ba sa kama shafi 24 a daƙiƙa, wanda ya kama kuma hoton zai riƙa ƙyaftawa har kai ya yi ciwo, domin hasken kwalba yana dusashewa kafin zagaye na gaba ya zo.

Rubuta siginar da ka zaɓa a takarda. Duk sauran matakan a kanta suke.

3. Zaɓi hanyar juya dijital zuwa analog

Kusan duk abin da ke fitowa ta HDMI daga faifan Blu-ray ko manhajojin fim a kulle yake da tsarin kariya mai suna HDCP, wanda kamfanin Intel ya ƙirƙiro. Na'urar tana tambayar abin da aka haɗa ta da shi ko yana da mabuɗi. In babu amsa, ba hoto. Alamar da aka fi gani ita ce shafin farko na na'urar ya fito lafiya, da zarar ka danna fim sai allo ya yi baƙi. Saboda haka akwatin da za ka saya lallai ya iya amsa HDCP. Dokar da ta shafi irin waɗannan na'urori ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka san ta inda kake.

Hanya ta farko ita ce katin cikin gida. Katunan Moome an yi su ne musamman domin majigan Sony, Barco, NEC da Marquee, ana zura su a ramin kati na majigin, HDMI ta shiga kai tsaye. Wannan ya fi kowace hanya tsabta, don analog ɗin ba ya tafiya ko taku ɗaya a waje. Sai dai kowane kati da samfurin da ya dace da shi, kuma samunsu yanzu sai an yi cigiya. Ana saka kati ne majigi na kashe, an zare shi daga soket.

Hanya ta biyu akwatin waje mai inganci, irin HDFury 2 ko 3. Suna fitar da RGBHV, wato wayoyi biyar ɗin nan, ko component, wata siginar analog mai wayoyi uku da ta bambanta da RGB, akwai maɓallin zaɓi a jikinsu, kuma suna fitar da sauti daban. Ba sa canja girman hoto: abin da ya shiga shi ke fita.

Hanya ta uku ƙananan masu arha da ake sayarwa domin kwamfuta. Wasu suna aiki, wasu suna cinye duk abin da ke cikin duhun hoto, wasu kuma suna ɗauke hoto duk lokacin da fage ya yi fari fat. In wannan kake da shi, zaɓi mai kafar wuta ta USB, kar ka dogara da ɗan wutar da HDMI ke bayarwa. Ya isa a fara da shi a tabbatar majigin na da rai.

In na'urarka ba ta iya fitar da siginar da ka rubuta a takarda, sai ka sa na'urar sarrafa bidiyo a tsakiya, irin Lumagen ko DVDO. Ita ke karɓar komai ta fitar da sigina ɗaya tak wadda ka zaɓa. Mai majigin da ya fi son 1080i zai fi jin wannan buƙata, domin akwatunan intanet da yawa, har da Apple TV na yanzu, ba sa fitar da 1080i sam.

Wani zai ce me ya sa ba za a nemi na'urar Blu-ray mai kafofin component kawai a huta ba. Dokar lasisin AACS, tsarin kariyar faifan Blu-ray, ce ta rufe wannan ƙofa: sababbin na'urorin da aka fitar daga 2011 an taƙaita analog ɗinsu zuwa ƙaramin hoto, daga 2014 kuma aka cire kafofin baki ɗaya. Tsofaffi irin PlayStation 3 suna da component, Xbox 360 ma tana da wayar VGA tata. In za ka bi ta component, tabbatar majigin yana karɓarta a babban hoto. Da yawa RGB kaɗai suke ji, kuma in ka ba su component hoton zai fito kore shar. Maganinsa akwatin da ke juya component zuwa RGB.

Kwamfuta ta fi kowa sauƙin kai. Katunan hoto na NVIDIA har zuwa jerin GTX 900 suna fitar da analog ta kafar DVI-I, ƙaramin kan juyi zuwa VGA ya wadatar. Daga jerin GTX 1000 an daina, sai dai ka yi amfani da mai juya DisplayPort zuwa VGA. Lura da bambancin DVI-I da DVI-D: ta biyun babu analog a cikinta ko kaɗan, duk kan juyin da ka sa mata ba zai haifar da komai ba.

4. Saita na'urar a talabijin kafin ka kai ta ga majigi

Wannan matakin yana ceton awoyi. Haɗa na'urar da talabijin ta zamani, inda kake da tabbacin ganin hoto, ka shiga saitin bidiyo ka canja waɗannan:

Girman hoto: cire shi daga zaɓin kai-da-kai, ka kafe shi a 720p ko 1080p ko 1080i, duk wanda ka rubuta. In ka bar wa na'urar zaɓi, za ta karanta bayanin da akwatin juyi ya ba ta, wanda ake kira EDID, ta ɗauki mafi girma. Akwatin bai san komai game da majiginka ba.

4K, HDR da Dolby Vision: kashe su duka. HDR a kan majigin CRT yana fitowa fari-fari, launuka a wanke.

Fitar da Hz 24: kashe. A na'urorin Blu-ray za ka same shi da sunan 24p. A Apple TV sunansa Match Frame Rate, kuma shi ne ke sa hoto ya ɓace daidai lokacin da fim ya fara bayan komai yana tafiya lafiya.

Zurfin launi: bar shi a bit 8, ka kashe Deep Color.

Tsarin launi: akwai RGB da YCbCr, kuma RGB ɗin kashi biyu ne, cikakke daga 0 zuwa 255, da taƙaitacce daga 16 zuwa 235. Babu wanda ya fi wani, abin nema shi ne na'urar da akwatin juyi su yi magana da baki ɗaya. Za ka tantance wannan a mataki na 8.

In ba ka da talabijin kusa, yawancin na'urori suna da hanyar mayar da girman hoto zuwa mafi ƙanƙanta ta riƙe wani maɓalli yayin kunnawa. Littafinsu zai nuna.

5. Shimfiɗa wayoyi

Ƙa'idar ɗaya ce: doguwar tafiya a yi ta da dijital, gajerar a yi ta da analog. Akwatin juyi ya zauna dab da majigi, ko a silin ne, ka nema masa soket a can. Siginar analog ƙarfinta volt 0.7 ne kawai, kuma kowace mita ta siririyar waya tana rage mata kaifi tana ƙara wa rubutu inuwa a gefen dama. HDMI ta yau da kullum tana kai 1080p wajen mita 10 in wayar mai kyau ce. In nisan ya wuce haka, nemi mai ƙarfafa sigina ko ta fayiba. Waɗannan suna da kai da gindi, an rubuta a jikinsu wanda ke zuwa na'ura da wanda ke zuwa allo. Duba kafin ka cusa ta cikin silin.

Kashe komai, sannan ka haɗa rassan biyar. Ja, kore da shuɗi ba sa ruɗa kowa. Sauran biyun ne matsala, don masu yin waya ba su yarda da launi ɗaya ba: wani fari da baƙi, wani toka da baƙi, wani baƙi da rawaya. In babu rubutu a jikinsu, sa mitar gwajin wuta ka gwada. A kan VGA, fil na 13 shi ne H, na 14 shi ne V, launuka kuma na 1, 2 da 3. In ba mita, haɗa yadda ka ga dama, in hoto bai tsaya ba ka sauya su. Juya H da V ba ya lalata komai. Da ka gano daidai, manna musu salatif ka rubuta.

Murɗa kowane kan BNC har ka ji ya kulle. Wanda bai kulle ba shi ke sa launi ɗaya ya riƙa zuwa yana tafiya.

Duk na'urorin su ci wuta daga layi ɗaya in da hali. In majigi yana wani layi, amfilifaya tana wani, za ka iya ganin faffaɗan layi mai duhu yana hawa a hankali daga ƙasan hoto zuwa sama. Kada ka kuskura ka cire wayar ƙasa ta majigin don kawar da wannan. Gyara layin wutar, ko ka cire na'urori ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai kawo shi. Sau da yawa wayar eriya ce.

6. Raba sauti

Mafi sauƙi: duk na'urori su shiga amfilifaya ta HDMI, kafar fita ta amfilifayar ta tafi akwatin juyi. Ka kashe duk wani gyaran hoto da amfilifayar ke yi, hoto ya ratsa kawai. In tsohuwa ce marar HDMI, sa akwatin cire sauti kafin akwatin juyi, ko ka ɗauka daga kafar sauti ta HDFury. Wani lokaci na'urar takan rage sauti zuwa lasifika biyu saboda abin da EDID ya gaya mata, sai ka shiga saitin sauti ka zaɓa da hannu. In ka sa na'urar sarrafa bidiyo, hoto zai ɗan makara, ka jinkirta sautin a amfilifaya har baki da magana su haɗu.

7. Kunnawa ta farko

Rage contrast na majigin, wato ƙarfin farin hoto, zuwa ƙasa da rabi tukuna. Kunna majigi, sai akwatin juyi, sai amfilifaya, na'urar fim a ƙarshe, domin ta tarar da kowa a farke lokacin da za ta yi tambayar HDCP. Zaɓi kafar RGB da rimot.

Kar ka firgita da abin da za ka gani. Sabuwar sigina takan fito a karkace, launuka uku a warwatse, kowanne da nasa hoton. Wannan alama ce mai kyau, sigina ta iso. Shiga shafin bayanin majigi ka karanta saurin da ya gani. In ka zaɓi 720p a Hz 60, ya kamata ya nuna kusan 45. In ya nuna 67, na'urar ta koma 1080p da kanta.

In ba hoto sam, kada ka fara taɓa saitin majigi. Cire wayar VGA daga akwatin juyi, ka haɗa tsohon allon kwamfutar nan. In hoto ya fito a can, matsalar tana tsakanin waya da majigi: H da V a juye, ko saurin ya yi yawa, ko nau'in jagora. In bai fito ba, matsalar tana baya: wutar akwatin, wayar HDMI, ko saitin na'ura. Kuma danna maɓallin hoton gwaji na cikin majigin, ka tabbatar kwalaben uku suna haske da kansu.

Sauran alamomin da aka saba gani:

Hoto yana gudu sama ko yana yagewa gefe alhali H da V suna daidai. Wasu tsofaffin majigai, musamman na Barco, sun fi son jagora mai bugawa ƙasa, siginar HD kuma sama take bugawa. Akwatin Extron ko maɓallin da ke jikin wasu akwatunan juyi yana juya ta.

Hoto ruwan hoda ko kore gaba ɗaya. Wani yana aika RGB, wani yana jiran component, ko akasin haka. Duba maɓallin akwatin juyi da zaɓin kafa a majigin.

Hoto ya matsa gefe, ko gefensa ya naɗe kamar an ninke takarda, ko akwai siraran layuka a tsaye a gefen hagu. Bayan kowane layi, majigi yana buƙatar ɗan lokaci ya dawo hagu ya natsu, siginar zamani kuma an yi ta ne domin allon da ba ya buƙatar wannan hutu. Fara matsar da hoton da saitin majigi. In bai isa ba, na'urar sarrafa bidiyo ko kwamfuta za ta ba ka damar ƙara tazarar da ke gaban hoton da bayansa.

8. Saita hoton ka adana shi

Bar majigin ya yi aiki minti 20 zuwa 30 da hoto mai motsi. Saitin da aka yi yana sanyi zai zame da ya ɗumama.

Abu na farko, kuma mafi muhimmanci: rage haske sosai, ka leƙa cikin kowane ido ka ga inda hoton ya tsaya a fuskar kwalba. Lallai ya kasance a tsakiya, da 'yar tazara ta kowane gefe. In hoto mai haske ya zarce gefen fuskar ya hau gilashi, wurin yana zafi har kwalba ta tsage. Sabuwar sigina tana iya zuwa da faɗin da ya wuce na da, shi ya sa ake dubawa duk lokacin da aka ƙara wata.

Daga nan bi tsari. Rufe ja da shuɗi, ka gyara kore shi kaɗai a kan hoton raga: girma, tsakiya, miƙewar layuka, kusurwoyi. Kore ne ma'auni. Buɗe ja ka ɗora shi a kan kore har layukan su zama rawaya, daga tsakiya zuwa gefe. Rufe ja, ka yi wa shuɗi haka. Yi manyan gyare-gyare kafin ka shiga gyaran wuri-wuri, domin yawan matsa saitin wuri-wuri yana wahalar da na'urar, kuma saitin ba ya daɗewa. Yi amfani da hoton raga da ya fito daga na'urarka, ba na cikin majigi kaɗai ba, don ba lallai su zauna wuri ɗaya ba.

Sai baƙi. Sa hoton matakan baƙi, ka ɗaga brightness, wato saitin matakin baƙi, har ka ga duka sandunan, sannan ka rage a hankali har sanda ta 16 ta ɓace, ta 17 ko 18 tana ɗan leƙowa. In ka ɗaga har ƙarshe sandunan ƙasa ba su bayyana ba, ko kuma baƙin ya ƙi yin baƙi ya tsaya toka-toka, to na'urar da akwatin juyi sun saɓa kan cikakken RGB da taƙaitacce. Koma ka sauya zaɓin. In komai ya yi daidai amma fagen dare yana haɗiye fuskokin mutane, ɗan gyara gamma, wato saitin da ke haskaka wuraren duhu, katunan Moome da na'urorin sarrafa bidiyo suna da wannan saiti. Baƙin CRT shi ne dalilin da ya sa mutane suke riƙe da waɗannan manyan na'urori har yau, bai kamata a yi wa wannan mataki gaggawa ba.

Adana. Majigin yana ajiye saitin kowace sigina a ma'ajiya daban, kuma wasu samfuran ba sa adanawa sai ka umarce su. Sigina mai Hz 50 da mai Hz 60 ma'ajiya biyu ce, kowacce da nata aikin haɗa launi. Shi ya sa ya fi sauƙi ka kafe duk na'urorinka a sigina ɗaya. In dole sai biyu, kwafi ma'ajiyar farko zuwa ta biyu ka gyara daga nan, maimakon farawa daga tushe.

9. Ga mai son fim ya tafi sumul

Ana ɗaukar fim a hoto 24 kowace daƙiƙa. In aka nuna shi a Hz 60, wani hoton yana fitowa sau uku, na bayansa sau biyu, shi ya sa in kyamara tana juyawa a hankali ake ganin ɗan tsalle. Da kwamfuta ko na'urar sarrafa bidiyo za ka iya ba majigi Hz 72, kowane hoto sau uku daidai. Hz 48 ma yana raba daidai, amma mutane da yawa suna ganin ƙyaftawarsa a fage mai haske.

Yi lissafi kafin ka gwada. 720p a Hz 72 tana cin kHz 54, ba matsala ga yawancin majigai. 1080p a Hz 72 tana cin kHz 81, kuma saurin ɗigonta ya haura MHz 178, alhali akwatunan juyi da dama suna tsayawa a 165. Dabarar da ake yi ita ce a zubar da baƙaƙen sandunan sama da ƙasa na faffaɗan fim, a aika layi 800 kacal masu hoto, nauyin ya ragu. A kwamfutar Windows, manhajar Custom Resolution Utility tana ba da damar ƙirƙirar irin wannan sigina. Bar allo na biyu a haɗe lokacin gwaji, don in majigi ya ƙi karɓa ka sami hanyar komawa.

10. Kare kwalabe daga na'urorin zamani

Fuskar kwalba tana cinyewa a inda haske ya daɗe, kuma na'urorin yau cike suke da abubuwan da ba sa motsi: shafin farko mai farin rubutu, tambarin tasha, ma'aunin rai a gem, sandar ƙasa ta kwamfuta. Saita kowace na'ura ta dusashe allo ko ta kwanta bayan 'yan mintoci. Bangon kwamfuta ya zama baƙi, sandar ƙasa ta riƙa ɓuya. In za ka tsayar da fim ka tashi, danna maɓallin rufe hoto na majigin. Contrast ya tsaya a matsakaici, ka duhunta ɗaki maimakon ka ƙara masa wuta, domin shuɗi da kore su ne ke fara nuna tabo.

In majigin na hannu ne, leƙa kwalaben yana kashe ka ga ko akwai tsohon tabo mai kusurwa huɗu. In akwai, daidaita sabon hoton ya zauna cikin iyakar tabon, in ba haka ba gefunan hoto za su fi tsakiyarsa haske kuma launinsu ya bambanta.